Faifai Uku Daga Damagaram

Tun da na dawo daga Damagaram ban sha shayi cikin kwanciyar hankali a majalisarmu ba. Wannan ya ce yaya garin yake, wancan ya ce da gaske ne burodinsu ya kai tsawon hannu, Garba tela kuwa har ya raɗa mini suna Injiniyan Faransa, sunan ya bi gari har ya kai kunnen matata. Kwana ɗaya tak na yi a can, amma ana tambayata kamar wanda ya shekara. Na kuma lura duk lokacin da na maimaita labarin sai na ɗan gyara shi ta inda zai fi yi mini kyau. Don haka gara in rubuta shi sau ɗaya yadda ya faru, tun kafin in gama mai da kaina gwarzo.

Ga wanda bai san ni ba, sunana Nasiru. Ina aiki a wani ɗan kamfani a nan Kazaure wanda ke ajiye wa asibitocin kuɗi guda huɗu bayanan marasa lafiyarsu: ɗaya a cikin gari, sauran a Babura, Roni da Gwiwa. Katin kowane mara lafiya, da ciwon da ya kawo shi, da maganin da aka ba shi, duk suna cikin wasu manyan kwamfutoci biyu da ake kira saba, waɗanda ke kwana su yini a kunne a wani ɗaki mai sanyi. Babbar tana da faifan ajiya takwas. An tsara ta yadda ko biyu sun mutu babu abin da zai ɓata, amma in na uku ya bi su, komai ya tafi. Ƙaramar kuwa aikinta ɗaya ne, ta riƙe kwafin duk abin da ke cikin babbar saboda irin wannan rana.

Ni mutum ne mai taƙama da cewa ban taɓa sa Alhaji Bala, mai kamfanin, ya sayi sabon abu ba. Fankar babbar ta tsaya, na ciro ta ƙaramar na sa mata. Akwatin wutarta ya ƙone, na ciro na ƙaramar. Faifai ya mutu, na aro na ƙaramar da niyyar zan mayar. Kafin shekara biyu ƙaramar ta zama gwangwani, a kashe take, a kanta nake ɗora kwanon abincina. Alhaji kan ce a gaban baƙi, “Nasiru akwai tattali,” ni kuma in sunkuyar da kai kamar ba na jin daɗi.

Da damina ta yi tsaka, faifai biyu na babbar suka mutu a mako guda. Na uku kuma ya fara wata ƙara, ƙas-ƙas-ƙas, kamar ɓera ya samu kwali. Na buga Kano, babu irinsu. Na buga Legas, aka ce sai bayan mako biyu. Nan na tuna da Mushe Isuhu, wato Malam Isuhu a bakin mutanen can, wani dattijo da muka taɓa zama kujera ɗaya a wata bita a Kano, wanda ke kula da sabobin wani babban kamfani a Damagaram, kuma irin tamu ce sak. Na kira shi, ya ce, “Taho ƙanena, akwai.” Na ce wa Alhaji ƙaramin gyara ne, na kulle ɗakin, na jefa makulli a aljihu, na yi sammako.

Daga Ɗambatta na shiga motar Babura. Direban, Malam Modu, Babarbare ne mai tsagen fuska da yawan dariya, motarsa kuwa ƙofar gaba da igiya ake ɗaure ta. Ba mu yi rabin hanya ba wani abu ya yi tsawa a cikin inji, muka tsaya a gefen gonar gero. Bel ne ya tsinke. Malam Modu bai ko damu ba, ya buɗe but ya zaro wani tsohon bel daga cikin tarin ƙarafa. Na tambaye shi ina ya samo waɗannan kaya.

“Na ɗayar motata ce,” in ji shi. “Tana gida a kan duwatsu. Ita ke ciyar da wannan.”

Ban san lokacin da na fara wa’azi ba. Na ce masa ba a jiran abu ya tsinke kafin a canza shi, na ce wanda ya cinye motar ko-ta-kwana ranar da ya buƙace ta zai yi kuka, na ce rayukan mutane ne a hannunsa. Wani dattijon Bafulatani da ke zaune a baya da sandarsa tsakanin ƙafafu ya gyaɗa kai ya ce, “Mai gilashi ya faɗi gaskiya.” Na gyara gilashina, na ƙara da misali biyu. Wallahi har muka shiga Babura ƙaramar sabata ba ta faɗo mini a rai ba ko sau ɗaya.

A Babura na canji sefa a wurin wani mai tebur a bakin tasha, na hau babur zuwa Babban Mutum. Tun a hanya nake ta bitar kalmomin Faransanci huɗun da na sani, don kada a raina ni a ɗaya ɓangaren. Da muka tsallaka, na miƙa wa jandarma katina, na saki gaisuwata da murya ta hanci yadda na ji ana yi a rediyo. Ya dubi katin, ya dube ni, ya ce, “Kazaure? Ina wajen unguwarku? Gwaggona can take aure.” Muka yi kusan minti goma muna lissafa mutanen da muka sani tare, ya ba ni saƙon gaisuwa, Faransancina ya koma inda ya fito.

Daga nan zuwa Magarya ruwa ya yi mana dukan tsiya, daga Magarya zuwa Damagaram kuma aka cusa mu cikin wata doguwar mota da buhunan riɗi. Abin da na fara lura da shi shi ne ba sa gaggawa. Direba ya tsaya ya yi salla, ya tsaya ya gaisa da wani a bakin hanya, babu fasinjan da ya yi tsaki sai ni, kuma da na yi kowa ya juyo ya kalle ni da tausayi. Wata mata da ke kusa da ni ta miƙo mini cuku ta ce in ci, ƙila yunwa ce.

Sai bayan la’asar muka isa. Mushe Isuhu ya zo tasha da kansa a kan babur, siriri, da farin gemu da riga mai aljihu huɗu, kowanne da biro. Ya ce an tashi daga buro, wato ofis, sai gobe da safe, kuma maganar masauki ba ta taso ba, gidansa za ni. Aka ba ni ɗakin baƙi da ke kusa da zaure, da katifa da gidan sauro da buta sabuwa. Matarsa ta aiko da dambu da kwaɗon zogale wanda su suke kira kopto, na ci har na ji kunyar kwanon. Bayan magariba aka ɗora shayi a ƙofar gida, irin nasu mai zagaye uku a ɗan ƙaramin kofi. Na shanye na farko na miƙe na ce na gode, maƙwabcinsa ya kamo rigata ya zaunar da ni, ya ce ba a barin shayi a na fari. A zaman nan na cika su da labarin yadda mu a Najeriya ba ma jefar da komai, yadda na taɓa raya fankar da ta mutu da man keken ɗinki. Mushe Isuhu yana ta murmushi yana cewa, “Madalla, madalla.” Bai tambaye ni komai game da sabata ba, ni kuma na ɗauka girmama ni ne ya hana shi.

Da safe aka kawo dogon burodin nan. Ga masu tambaya, da gaske ne, ya kai tsawon hannu, kuma ɓawonsa ya yanka mini dasashi. Sai da na ga yadda suke tsoma shi a shayi sannan na gane da haƙori ni kaɗai nake faɗa da shi.

Wurin aikinsa kuwa, tun daga ƙofa jikina ya fara sanyi, kuma ba na’urar sanyaya ɗaki ce ta jawo ba. Aka sa na cire takalmi, aka karɓe ragowar cukun da ke aljihuna, aka rubuta sunana da lokacin da na shiga. Sabobi ne jere a cikin dogayen durowoyin ƙarfe, layi bayan layi, namu biyun ko kusurwa ɗaya ba za su cika ba. Kowane faifai, kowace fanka, kowane akwatin wuta, akwai ’yar takarda manne a jikinsa da ranar da aka sa shi. A bango kuma ga wani allo da aka rubuta waɗanda za a cire a wannan wata. Na duba ɗaya daga cikin waɗanda aka yanke wa hukunci, fitilarsa kore shar.

Na ce, “Mushe, wannan ai lafiyarsa ƙalau.”

Ya ce, “Lahiya lau yake. Shi ya sa za mu hidda shi yanzu, da rana, muna shan shayi. In muka bar shi, shi zai zaɓi ranarsa.”

Ya nuna mini yadda kowane faifai ke ƙirga awoyin da ya yi yana juyawa da wuraren da suka fara lalacewa a jikinsa, kuma su duk mako sai sun karanta. Na san da wannan ƙirga, a bitar nan ta Kano ma an koya mana, amma ni ina ganin kamar leƙa asirin abin da bai yi maka laifi ba ne. Sannan ya buɗe wani kabad cike da faifan da aka sallama, an goge su tas, duk masu rai. Raina ya ɓaci ƙwarai, na ce a zuciyata wannan almubazzaranci ne, da a Kazaure ne da kowannensu sai ya ƙara shekara uku. Ya zaɓo mini uku mafi ƙarancin awoyi, ya tambaye ni namu takwas ɗin yaushe aka saye su. Na ce yawancinsu rana ɗaya, a kwali ɗaya, har ragi aka yi mana.

“To sa’o’in juna ne,” in ji shi. “Tare suka hara aiki, zahi ɗaya suka sha, ɗaukewar kuran ɗaya. Tare za su tahi. Mu ba mu sa ’yan kwali ɗaya a saba ɗaya.” Kuran ita ce wutar lantarki a bakinsu. Yana naɗe faifan a cikin soso ya ƙara da cewa, “In ka isa kada ka yi garaje. Da ka sa sabo, saba za ta tilasta wa mai ƙarar nan ya karanto duk abin da ke cikinsa daga hari har ƙarshe, kuma ba lalle ya kai ba. Amma ba komi, tunda ka kwashe kayan likitocin ka aje gehe kahin ka taho.”

Su asibiti suke kira likita. Na fahimce shi sarai, na dai shiga goge gilashina.

Ya daina naɗin. “Ka kwashe ko?”

Na ce ai akwai ƙaramar saba, sai dai a halin yanzu tana ɗan hutawa. Ya sa na faɗa masa irin hutun da take yi, fanka bayan fanka, faifai bayan faifai, har kwanon abincin ban ɓoye ba. Ya tambaye ni ko ba ni da ko ɗan faifan nan na hannu da ake sayarwa a kowane shago. Ina da shi. Yana cikin durowata tun bara, hotunan bikin ƙanwata ne kawai a ciki. Kwana uku faifan sabar yana ƙara a kunnena, hankalina duk yana kan inda zan samo ƙarfen da zan cusa, ban taɓa tunanin in fara tsamo abin da ƙarfen yake riƙe da shi ba. A ranar ne na gane dalilin da ya sa bai tambaye ni jiya ba. A ganinsa babu mai hankalin da zai tsallaka iyakar ƙasa ya bar abu a haka.

Ya ce, “Kira wani a buronku ya hara yanzu.”

Na sa hannu a aljihu don ciro waya, na ji makulli. Shi kaɗai ne, babu na biyu. Lambar sirrin shiga sabar ma ni kaɗai na san ta, don na daɗe da yanke shawarar cewa ma’aikacin da ba a iya komai sai da shi ba a korarsa. Ko an fasa ƙofar, ko na karanta lambar ta waya, babu wanda na taɓa koya wa abin da zai danna. Na ciro makullin na riƙe a tafin hannu, mu biyu muna kallonsa. Mushe Isuhu bai zage ni ba, kuma da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Ya ɗaure kwalin, ya ce in riƙe shi a cinya kada in yarda a sa shi a but, ya ce in na isa in fara da abin da mutane ba za su iya rashinsa ba, kuma kada in zaɓa da kaina, in tambayi masu aiki da shi. Ya kai ni tasha a guje, har ya manta hularsa.

Na dawowa ba ni da abin faɗa da yawa, don ban ga hanya ba. A iyaka ma’aikacin kwastan ya tambayi abin da ke cikin kwalin da na rungume, na ce ƙwaƙwalwar kwamfuta ce, ya buɗe ya duba, ya ce in ta mutum ce a sayo masa ɗaya. Kowa ya yi dariya ban da ni. A Babura na ga Malam Modu yana lodi, na zagaya ta bayan masu rake na shiga wata motar.

Da la’asar sakaliya na buɗe ɗakin. Faifan yana nan yana ƙararsa, sai dai ta ƙara sauri. Na goge hotunan bikin, na jona faifan hannu, na fara kiran asibitocin. Sista Talatu, ungozomar da ke riƙe da na Gwiwa, ita ta fara ɗauka. Na yi ta kewaye-kewaye, ta katse ni.

“Malam Nasiru, faɗa mini kai tsaye, abin zai iya ɓacewa?”

Na ce zai iya.

“To fara da masu ciki. Rukunin jininsu, da watan haihuwarsu, da waɗanda jininsu ke hawa. Ina da mata bakwai da za su haihu kafin wata ya mutu. Faɗan da zan yi maka kuma sai ka gama.”

Na fara da su. Sannan sauran na Gwiwa, sannan Babura, sannan Kazaure, kowanne da abin da masu shi suka ce a fara da shi. Na Roni na bari a ƙarshe, saboda shi ne mafi tsufa kuma mafi yawa, na ce in ƙananan sun fita sai in fuskance shi gaba ɗaya. Faifai mai ciwo ba ya sauri, aikin ya kai mu har washegari. Da hantsi, an kwashe na Roni na shekarar nan da ta bara, ana cikin na baya, sai ƙarar ta tsaya. Na taɓa ganin mutuwar faifai sau da yawa, amma ban taɓa jin shiru ya tsorata ni haka ba. Fitila ta uku ta koma ja. Faifai ukun da na ɗauko tun daga Damagaram suna kan tebur a cikin sosonsu, ko buɗe su ban yi ba.

Da su na sake gina sabar daga tushe, na mayar da abin da ya tsira. Sannan na je na faɗa wa Alhaji Bala komai, ba ragi. Bai kore ni ba. Ya ce a yanko makulli biyu yau ɗin nan, a sayo duk abin da na cire wa ƙaramar, in koya wa mutum biyu aikin, kuma tunda ni na zubar da na Roni, ni zan je in tsince shi.

Mako uku na yi ina zuwa Roni kullum. Suka ba ni tebur a baranda, duk tsohon mara lafiyar da ya zo sai ya fara zama a gabana in tambaye shi tarihinsa daga farko. Wasu sun zo da tsofaffin takardun magani a leda, wasu sun tuna, wasu ’ya’yansu suka tuna musu. Na fara jin kamar abin zai rufu.

Ranar Laraba ta mako na biyu aka kawo wani tsoho, Baba Iro, manomi, ƙirjinsa ya cushe yana numfashi da ƙyar. Likita ya rubuta masa allura, nas ta riga ta zuƙa tana tsaye, aka ce bari in buɗe masa sabon kati tukuna. Na tambaye shi ko akwai maganin da jikinsa ba ya so. Ya ce akwai. Shekarun baya an yi masa wata allura a nan, ya kumbura har wuya, sai da aka fitar da rai da shi, likitan wancan lokaci ya ce kada ya kuskura a sake yi masa ita. Wancan likitan ya daɗe da barin garin. Na ce, “Baba, me sunanta?”

Ya ce, “Ɗana, ni ina na sani? Na ce a rubuta mini a takarda in riƙa yawo da ita, aka ce ba sai an rubuta ba, an sa a kwamfuta, ita ba ta mantuwa.”

Nas ta dubi allurar da ke hannunta, ta mayar da ita cikin kwano, ta koma kiran likita. Ni kuma na sunkuya na rubuta a gurbin: ba a sani ba. Baba Iro ya dafa teburin zai tashi, ya tsaya ya huta, sannan ya ce an faɗa masa tun daga Kazaure nake zuwa kullum don in taimake su. Ya ɗora hannunsa a kaina ya ce Allah ya yi mini albarka.